Hanya biyu a ƙofar lise: jawabi ga iyayen yara na Gidigir

Ga jawabin da wakilin yaƙi da jahilci ya yi a cibiyar karatun manya ta Gidigir.



Yau zancenmu na yaran da suka yi nisa a lakwal ne. Yaro yana shekara 6 a firamare. Yana shekara 4 a kwaleji, ya yi jarrabawar birbe. In ya ci, ya tafi lise shekara 3, ya yi bak.

A ƙofar lise hanya ta rabu biyu. Akwai A: harsuna, tarihi, sanin ƙasa. Akwai C: lissafi da kimiyya. Bayan shekara ɗaya, hanyar kimiyya ta sake rabuwa: C ga masu ƙarfin lissafi, D ga masu karatun jikin mutum, dabbobi da tsirrai.

Duk hanyoyin na arziki ne. A tana ba mu alƙalai, malamai da ƴan jarida. Amma mai son zama likita, ko likitan dabbobi, ko masanin ruwa da noma, sai ya bi C ko D.

To, ku leƙa ajin C. Ƴan mata kaɗan ne. Ɗiyan manoma da makiyaya ma ba su da yawa. Allah bai hana su ƙwaƙwalwa ba. Dalili yana cikin gidajenmu.

Makin da yaro ya samu a kwaleji shi ake dubawa wajen raba hanya. Lissafi kuwa kamar shuka yake, kullum yana son ban ruwa. Yarinya ta taso daga lakwal, ga rijiya, ga daka, ga talla. Yayanta yana zaune da littafi. Da dare ta gaji, barci ya kwashe ta. Ina makin lissafi zai fito?

Ɗan ma'aikaci a Damagaram yana da wutar lantarki, yana da malamin da ake biya ya koya masa a gida. Ubansa ya san bambancin A da C. Ɗan manomi yana gidan mai masauki, wani lokaci ba abincin dare. In aka tambaye shi hanyar da yake so, ba wanda zai yi shawara da shi.

Akwai kuma maganar baki. Ana cewa lissafi na maza ne. Wannan ba gaskiya ba ne. Malama Buli Ali Diyallo masaniyar kimiyyar halittu ce, ta shugabanci jami'ar Yamai daga 1999 zuwa 2005. Jami'ar kuwa sunan Abdu Mumuni take ɗauke da shi, wanda aka haifa a Tasawa a 1929, masanin aiki da hasken rana.

A 2017 gwamnati ta yi doka don a kare karatun ɗiya mace har ta kai shekara 16. A 2021 aka buɗe gidan kwanan ƴan mata ƴan kwaleji a Kelle, nan cikin Gure. Amma doka ba ta ɗiban ruwa, ba ta daka.

Ku duba bukatarmu. Rairayi yana cin kwarurukanmu na dabino da kanwa. Bisashenmu suna ciwo. Mace mai naƙuda ta fi sakewa a hannun likita mace. Wa zai yi mana wannan aiki in ba ɗiyanmu ba?

Ga abin da za mu iya. A raba aikin gida tsakanin maza da mata. A ba yarinya fitila da lokacin karatu kowane dare. Yanzu kun iya karatu, ku karɓi takardar makinta, ku nemi layin lissafi. Kafin birbe, uba da uwa su je wurin mushe su tambaya: wace hanya ta dace da ita? Kuma a tambayi yarinyar kanta.

Sai an sha wuya akan sha daɗi. Wanda ya karanta wannan ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya yi wa zuri'armu albarka.