Gashin 'Yar Tsana



Guntayen zaren da masaƙa da maɗinka hula ke zubarwa, kada mu share su zuwa juji. 'Ya'yanmu mata suna yin 'yar tsana da kara ko ƙashi, amma ba gashi.

To, mu tara baƙin zare. Mu duba da kyau, kada allura ta ɓuya ciki ta soki yarinya. Mu wanke, mu shanya, mu yanka tsawon yatsa. Mu jiƙa ƙaro ya yi kauri, mu shafa a kan 'yar tsanar, mu liƙa zaren. In ya bushe, sai kitso.

Nan yarinya za ta koyi sana'a, ba mu kashe ko anini ba.

Allah ya yi mana albarka.