Rawar Sitiyari da Gajiyar Hannun Direba



Yawancinmu a mota muka zo wannan jami'a, a mota kuma za mu koma gida in an yi hutu. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa lura da hannuwan mutumin da muke danƙa wa rayukanmu. A kan waɗannan hannuwa za mu yi magana yau.

Kewayen tayar ƙaramar mota ya kusa mita 2. Idan motar tana gudun kilomita 100 a awa, tayar tana juyawa wajen sau 14 a kowace daƙiƙa. To, in nauyinta ya rinjaya gefe guda, kowane juyi sai ya aika da bugu ta ƙarafan sitiyari har tafin hannun direba. Gargadar hanya kuma ta ƙara nata.

Masana aikin jiki sun gano cewa tsoka in ta ji girgiza takan ɗaure da kanta, ba da nufin mai ita ba. Shi kuma direba, da ya ji sitiyari na neman ƙwacewa, sai ya ƙara damƙe shi, alhali damƙar ce ke ƙara shigar da girgizar cikin dantse da kafaɗa. Tsokar da ta daɗe a ɗaure jini ba ya ratsa ta sosai, don haka yatsu kan sage, dantse ya yi tsami. Sai mu dubi wanda ya taso daga Kano zuwa Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000, a wannan hali. Lokacin da dabba ta ratso titi, ko taya ta fashe, gajiyayyen hannu ba zai kauce da saurin da ake bukata ba.

Gajiya irin wannan hutu take bukata. A dokar Tarayyar Turai ta 2006, tilas direban babbar mota ya huta minti 45 bayan tuƙin awa huɗu da rabi.

'Yan'uwa, gobe mu ne a ofisoshi, takardar neman gyaran mota kuwa teburinmu za ta zo. Idan direba ya ce sitiyarinsa na rawa, kada mu ɗauke shi rago ko mai neman na goro. Mu sa a daidaita tayoyin, bakanike ya duba ƙarafan, mu kuma bar direban ya huta a hanya. Kuɗin wannan bai taka kara ya karya ba, rigakafi kuwa ya fi magani.