Daga Kan Juji Zuwa Aikin Ubangiji

Karatunmu na yau yana cikin wasiƙar Manzo Bulus zuwa ga Filimon, aya 10 zuwa 18. In kuna da Littafi Mai Tsarki kusa, sai ku buɗe.

Kowannenmu ya san farin soson nan da ake naɗe rediyo ko firji da shi, ake kuma zuba abincin sayarwa a ciki. Daga man fetur ake yinsa, kuma wajen kashi 98 cikin 100 na jikinsa iska ce kawai. Ba ya ruɓewa kamar ganye. In an yar da shi sai ya toshe kwata, in an ƙone shi hayaƙinsa ya cuci huhu. Saboda haka ne Jihar Legas ta hana amfani da mazubin abinci irin wannan a watan Janairu 2024.

Amma ga abin mamaki. Masana kimiyya sun tarar cewa in aka jiƙa wannan soso cikin asid mai ƙarfi, dangin wanda ke cikin batirin mota, sai halinsa ya sāke. Daga nan yakan kama dalma, da wasu launukan rini, da kuromiyam, wato sinadarin da ake jima da shi. Mutanen Kano sun san ruwan da yake fitowa daga kamfanonin jima na Sharaɗa da Challawa, sun kuma san akwai manoman rani a bakin kogi. Haka ma soson katifa. A shekarar 2017 masana a Amurka suka gyara irinsa har ya riƙa tsotse mai daga cikin ruwa, a matse shi, a sāke amfani da shi. Yawancin aikin nan a wuraren bincike ake yinsa, kada wani ya gwada asid a gida. Amma ku lura: abin da yake ƙazantar da ruwa dā, shi ne aka mai da shi abin tace ruwa.

To, 'yan'uwa, labarin Unisimas ke nan. Bawa ne, ya gudu daga gidan ubangidansa Filimon. Ma'anar sunansa mai amfani, amma a idon maigidan ba shi da amfanin kome. Ya sadu da Bulus sa'ad da Bulus yake ɗaure, ya ji bishara, ya ba da gaskiya. Bulus ya komar da shi gida, ya roƙa a karɓe shi kamar ɗan'uwa, ya kuma ɗauki bashinsa a kansa.

Abu uku nake so mu riƙe.

Na fari, soso ba ya ɗauke kansa daga juji, sai wani ya sunkuya. Haka Almasihu ya neme mu tun muna cikin zunubi.

Na biyu, ɗauka kaɗai ba ta isa ba, sai an sāke halin abin. Zuwa sujada kowace Lahadi ba ya maye gurbin tuba. Ruhu Mai Tsarki ne yake sāke zuciya.

Na uku, soson da ya cika da dauɗa dole a matse shi a wanke, in ba haka ba zai mayar da dauɗar cikin ruwa. Kai fasto, ke shugabar zumuntar mata, da kuke sauraron damuwar mutane, ku riƙa sauke ta a gaban Ubangiji cikin addu'a, kada ta zama tsegumi a bakinku.

Yanzu ina tambayar ikkilisiya. Wane ne Unisimas ɗinku? Saurayin da ya fito daga kurkuku, kowa yana jan jakarsa kusa in ya zauna? Yarinyar da ta haihu a gidan iyayenta? Wanda ya bar giya wata uku da suka wuce? In mun rufe musu ƙofa, jujin da suka baro yana jiransu. Sau da yawa kuwa wanda aka ceto daga giya shi ya fi sanin yadda za a yi wa mashayi magana.

Kai kuma da kake ji kamar an yar da kai, Yesu ya riga ya biya bashinka a kan gicciye. Ka zo gare shi yau.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka ɗauke mu daga inda zunubi ya yar da mu, ka sāke mu, ka mai da mu masu amfani a hannunka. Ka ba mu zuciyar karɓar 'yan'uwanmu. Cikin sunan Yesu, amin.

Sai mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda. Ku zauna lafiya.