JAWABI A KAN RANA DA WATA DA TAURARI

 

Abin da ya sa muka zaɓi wannan magana shi ne, kusan kowace shekara idan azumi ko salla ta gabato sai gardama ta kaure a unguwar nan a kan tsayuwar wata, har wasu su daina gaisawa. Mun ga ya kamata mu san yadda abin yake tafiya tukuna.

To jama'a, ita dai rana tauraruwa ce kamar sauran taurari, kusancinta ne ya sa muke ganin ta da girma. Tsakaninmu da ita wajen kilomita miliyan 150 ne, haskenta kan yi minti 8 da 'yan daƙiƙu kafin ya iso mu. Duniyoyi 8 ne ke kewaya ta, tamu ce ta 3. Zara da muke kira matar wata ita ce ta 2, kuma ita ce dai Gamzaki idan ta fito da asuba. Wanda aka koya masa 9 a makaranta kada ya yi mamaki, a 1930 aka gano Fuluto, a 2006 kuma masana suka fitar da ita daga jerin.

Duniyarmu tana juyawa sau ɗaya a awa 24, shi ke kawo dare da rana. Tana kuma kewaya rana a kwana 365 da kwata.

Shi kuwa wata ba shi da hasken kansa, na rana yake maido mana. Daga jinjiri zuwa jinjiri kwana 29 ne da kimanin rabi, shi ya sa wani watan 29, wani 30. Wata 12 sun ba mu kwana 354 ke nan, ƙasa da shekarar rana da kamar kwana 11. Don haka azumi yake ja da baya, daga bazara ya koma hunturu, sai bayan kimanin shekara 33 ya dawo inda ya taso.

Ga inda gardamar take. Sai ka ji mutum ya dubi jinjiri ya ce, "Kai, wannan ai na kwana biyu ne, an cuce mu!" A'a malam, girmansa ba hujja ba ne. Idan wata ya gifta tsakaninmu da rana, da wuya ido ya gan shi sai ya yi aƙalla awa 15 da wucewa. Mu ɗauka jiya da magariba awa 10 kawai ya yi, ba wanda zai gan shi. Yau kuwa ya kai awa 34, dole ya fito da kauri, alhali daren farko ne da ganinsa. Sannan mu da ke nan kudu hadari da hazo kan rufe mana yamma. Rashin ganinmu bai ƙaryata wanda ya gani a Arewa ba. Saboda haka mu jira sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi, mu huta da musu.

Sai husufi. Ba faɗa rana da wata suke yi ba, balle yara su fita kaɗa gwangwani don a raba su. Inuwa ce kawai. Idan duniya ta shiga tsakanin rana da wata, inuwarta ta faɗa masa, wannan sai a tsakiyar wata. Idan wata ne ya tare mana rana, sai a ƙarshensa. Da yawanmu mun tuna ranar 29 ga Maris 2006, da gari ya yi duhu da hantsi a Shaki ta jihar Oyo har zuwa Gusau. Masana sun faɗi ranar da sa'ar tun da daɗewa, domin abu ne mai tafiya bisa lissafi. Malamai sun karantar da mu sallar da ake yi a irin wannan lokaci. Amma don Allah a hana yara kallon rana da ido tsirara, yana lalata gani.

A ƙarshe muna roƙon iyaye, yaron da ya dawo daga makaranta da irin wannan bayani kada a kwaɓe shi, a zauna a saurare shi. Mu ma idan an ɗauke wuta mu fita da su tsakar gida, mu nuna musu Kaza da 'Ya'yanta yadda kakanninmu suka nuna mana.

Allah ya ƙara haɗa kanmu, ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu.