Jawabin malamin lakkol a taron ƙungiya: maganar rulman ƙafafun gaba na motarmu

Ina gaida iyayenmu dattawa, ina gaida shugaba da ma'aji, da ƴan uwa da sunka zo daga Yamai, da Kwatanu, da Abijan. Allah shi saka da alheri. An ce in yi bayani bisa kuɗin gyaran motar ƙungiya, don magana ta yi yawa cikin gari. Wasu na cewa: mota tana tafiya, mi za a gyara?

Tana tafiya, gaskiya ne. Amma duk wanda ya shige ta ran kasuwa ya ji gurnanin da take yi ta gaba, wanda ke ƙaruwa in direba ya taka ta bisa gudro. Kukan rulma ke nan, abin da ƴan uwanmu na Najeriya ke ce ma boris.

Kowa ya san ƴaƴan ƙarfen da ke cikin cibiyar ƙafar keke. Mota ma tana da nata. Na Hilux tamu, da yake tsohon yayi ce, kamar ƴan gajerun turame suke, kai guda ya fi guda faɗi. Kowace ƙafa ta gaba tana da rulma 2, babba daga ciki, ƙarami daga waje, suna gudu cikin giris bisa wani zoben ƙarfe mai santsi. Nauyin inji da duk dukan da ramukan hanya ke yi, su ke ɗauke da shi.

Damina ce ke kashe su. Mota ta yi gudu, cibiya ta yi zafi, sai direba ya faɗa ruwan ƙorama. Ƙarfe ya huce nan take, ya zuƙo ruwa ta bakin robar da ke tsare giris, balle in robar ta tsufa. Ruwa ya shiga, rairayi ya bi shi, giris ya koma taɓo, rairayin ya shiga niƙa ƙarfe. Wanda ke shakka, bayan la'asar za a ɗaga motar da kirik. Shi kama taya sama da ƙasa shi girgiza, za shi ji tana ƙwas-ƙwas. Shi juya ta da hannu, za shi ji kamar tsakuwa cikin gari.

Iyayena, rulma in ya ƙare ba shi ba da wa'adi. Yana iya yin zafi har shi manne ga sandar da ƙafa ke juyawa a kanta, ko shi farfashe ƙafa ta fita mota na cikin gudu. Motar nan kuwa ita ke kai mai naƙuda likita da tsakar dare.

An kawo shawarar a ƙara ɗaure noti, a cusa giris, a ci gaba. Ban yarda ba. Ɗauri yana ɓoye girgiza, ba shi cike ramin da ya riga ya ci zobe, kuma in ya wuce kima shi ke ƙona rulma. An kuma ce a sayo mai araha. Ku ƴan ci-rani kun fi mu sanin kasuwar kayan mota: akwai sunayen da anka sani, kamar Koyo, NSK, SKF da Timken, akwai kuma jabu cikin kwali mai kama da nasu. Wanda za a aika shi tafi da tsohon rulma a hannu, don akwai lamba rubuce a gefensa, shi saya wajen mai kantin da za a iya koma ma.

Ra'ayina, a sake na ƙafafun biyu gaba ɗaya, rulma 4 da roba 2, tunda ruwa guda sunka sha. Kuma wani daga cikinmu shi tsaya garaji ran aiki. A fidda tsohon zobe, kada a aza sabon rulma bisansa don gudun wahala. Kada guduma ta taɓa ƴan turamen. A cusa giris da tafin hannu har shi ɓullo ta ɗaya gefen, bisa tsumma mai tsabta, ba bisa ƙasa ba. A ɗaure noti ana juya ƙafa, a sassauta, a daidaita, kana a kulle shi da sabon makulli.

Abu guda muka yi sa'a: sabbin yayi da yawa rulmansu a rufe yake, ba a wanke shi, sai an je inda injin matsi yake. Namu ana buɗewa a sake mashi giris. Ina roƙon a rubuta cikin littafin ƙungiya cewa za a riƙa yin haka kowace shekara da kaka, in ruwa ya ɗauke.

Ma'aji zai karanta kuɗin da makaniki ya yanka, da rabon kowane gida.