Jawabin Ma'aji a Taron Cika Shekara: Mu Gina Gidan Haya Na Ƙungiya

  

Yau a kan ɗaki zan yi magana. Shekarar da maigidana ya rasu, ko takaba ban gama ba mai gidan da muke haya ya aiko, wai kuɗi ya ƙaru, shekara guda kuma a dunƙule. Jarin atamfata na kwasa na ba shi, rumfata a Babbar Kasuwa ta yi wata huɗu a rufe. Na san a cikinku akwai wadda ta ga irin wannan, ko da ba ta faɗa ba.

Gwamnati ta gina gidaje a garin nan, ba mu musa ba. Ga Shagari Low Cost, ga Goruba, ga Barhim. Akwai kuma asusun gidaje na ƙasa tun 1992, inda ake cire wa ma'aikaci kashi 2.5 cikin ɗari na albashinsa, daga baya ya nemi rancen gida. To ke mai ƙosai, wane albashi za a cira? Masu hali ma suna yi. A 2018 Gidauniyar Ɗangote ta ba da gidaje 200 a Maiduguri ga waɗanda rikici ya raba da muhallinsu, musamman matan da suka rasa mazaje. Allah Ya saka. Amma ba za mu zauna jiran layi ya zo kanmu ba.

Ga lissafina, kun san yanzu ina riƙe biro. Idan mu ɗari muka ajiye naira 500 kowane mako, ban da adashinmu, a shekara naira miliyan 2 da dubu 600 ke nan. Ba za ta gina gida ba, tunda a 2024 mun ga buhun siminti ya haura naira dubu 10. Amma shekara biyu ko uku za ta kai mu ga fili a bayan gari. Daga nan ɗaki biyu, mu sa haya, kuɗin hayar su ɗora na uku.

Sharuɗɗa uku nake roƙo. Na ɗaya, takardar fili ta fito da sunan ƙungiya, ba sunana ko na shugaba ba, gaban mai unguwa da shaidu, kuma a bincika a ofishin filaye kafin dillali ya ga ko sisi. Na biyu, a riƙa biyan haya wata-wata, yadda mace za ta iya. Na uku, ɗaki ɗaya cikin kowane huɗu ya zama wakafi don wadda miji ya mutu ya bari da marayu. Ba a sayar da shi, ba a gadonsa, kamar rijiyar da Sayyidina Usman ya saya wa mutanen Madina.

Wata za ta ce, ni ina da gida, me zai kai ni? Yaya, ni ma da haka nake cewa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Littafi yana wurin sakatariya. Wadda ta amince ta rubuta sunanta kafin a raba abinci, wadda ba ta iya ba ta zo in rubuta mata.