Hoto Mai Motsi da Darasin Jeri: Me Ya Sa Ƙannenmu Ke Gudun Koding?



Makon jiya wata ƙanwata a nan Dutse ta ce min ta haƙura da koyon Python. Da na tambaye ta dalili, sai ta ce darasin array ne ya kayar da ita. To ni dai ban ga laifinta ba. An zuba mata lambobi a allo, ba ta ga abin da ke motsi ba.

Array jeri ne kawai. Ku ɗauka kuna kasuwar Shuwarin, ga kwano uku a jere: gero, dawa, masara. A ce farashin mudu naira 1,000, da 900, da 800. Idan kaya suka tashi da naira 50, a NumPy, wanda Travis Oliphant ya fitar a 2006, layi ɗaya za ka rubuta, farashi + 50, duka ukun su canza lokaci guda. A takarda wannan kamar siddabaru ne. Amma a hoto mai motsi, ka nuna 50 ɗin ta rabu gida uku, kowace ta faɗa kwanonta. Shi ke nan, yaro ya gane.

Ga abubuwa huɗu da nake roƙon masu haɗa irin wannan bidiyo. Na farko, abu ɗaya ya motsa a lokaci ɗaya. Na biyu, launi kada ya canza: in gero ja ne, ya zauna ja har ƙarshe. Na uku, ka dakata kafin amsa ta fito, mai kallo ya yi hasashe. Nan ne zai gane cewa Python daga sifili take fara ƙirga, wato kwanon farko shi ne 0, kuma in ka yanko daga 0 zuwa 2, gero da dawa za ka samu, ban da masara. Na huɗu, a yi bayani da Hausa, bidiyon ya zama gajere, wanda zai wuce ta WhatsApp ba tare da ya cinye data ba.

Kayan aiki kuwa kyauta ne. Manim, wanda Grant Sanderson na tashar 3Blue1Brown ya ƙirƙira, da Python ake sarrafa shi.

Tun 2011 muke da Jami'ar Tarayya a Dutse, ga kuma shirin 3MTT da aka fara a 2023. Masu ilimin muna da su. Saura mu zauna mu yi wa na ƙasa da mu. Kai da ka iya, haɗa bidiyon minti ɗaya wannan makon, ka turo mana. Ƙanwata ta ce in ta gani za ta dawo.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Ku huta lafiya.